Katakon Kan Kwata

"Mama, idan 'yan sanda suka tafi da Anti Auta, ni za a ba wayarta?"

Maman Aku tana tsugune tana ɗaure wa yarinyar igiyar takalmi lokacin da tambayar ta faɗo mata a ka. Ta ɗago ta dube ta. Shekarar yarinyar biyar, kuma ba banza aka sa mata Aku ba: duk abin da kunnenta ya tsinta a matakalar bene sai ta kawo shi ɗaki ta sauke, ko kakkaɓewa ba ta yi. Da aka matsa mata, ta ce ai Matar Sama, maƙwabciyarsu ta hawan sama, ita ce ta faɗa, wai kekunan ɗinki sun yi ƙafa, wai ɓarawon na gida ne, kuma kowa ya san a hannun wa makulli yake.

Uwar ta ƙarasa ɗaurin, ta miƙa ta ga maƙwabciyar da ke kai yara makaranta, ta yi mata jan kunnen da take yi kullum: ban da bin lungun baya, ban da taka katako. Sannan ta buga waya shagon maganin da take aiki ta ce yau ba za ta samu zuwa ba.

Ga yadda abin ya faro. Tun kafin ruwan farko ya sauka, wani mai shafi a intanet, wanda ya rubuta wa kansa Manaja a ƙarƙashin hotonsa har sunan ya bi shi, ya yi tallan kekunan ɗinki masu ƙafar ƙarfe a kan farashin da ya sa matan benen suka ajiye tsegumi suka kama lissafi. Sharaɗinsa ɗaya ne: a biya tukuna, kaya suna kan ruwa, wata mai kamawa za su iso. Auta, ƙanwar Maman Aku, ita ta fara ganin tallan. Manaja ya yi mata alƙawarin in ta taro masa masu saye, nata keken kyauta ne. Ta bi ƙofa-ƙofa tana nuna hoto. Kuɗin kowa ta asusunta ya bi ya wuce nasa. Yayarta ce kaɗai ba ta sa ko sisi ba. Ta ce keken mahaifiyarsu yana nan, tsufa kawai ya yi, bai mutu ba.

Wata ya kama, ya ƙare, wani ya kama. Yau jirgi ya tsaya a hanya, gobe takardu ba su fito ba, jibi uwar direba ta rasu. Da uwar direban ta sake rasuwa, Matar Sama ta ɗauki mayafinta ta kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye. Wata jami'a ta kira Manaja ta yanka masa wa'adi: ko kaya, ko kuɗin mutane. Wa'adin a ranar nan yake cika.

Jiya da la'asar sai ga shi da mota da yaransa biyu, suna sauke kwalaye suna nishi. Ya buɗe guda a gaban kowa, keke baƙi wuluk yana ƙyalli, mata suka yi ta shafawa. Ya ce wannan zai koma da shi mai haɗawa ya gwada, sauran kuwa kada wanda ya taɓa sai mai haɗawar ya zo da safe, don duk kwalin da aka motsa garantinsa ya tashi. Aka jera su a ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakala. Ya ɗauki Auta hoto tana murmushi a jikin kwalayen, makulli a hannu, ya sa a shafinsa: kaya sun isa hannun masu su.

Da gari ya waye, kwaɗo a yanke, ɗaki wayam.

*

Tsofaffin benen ba sa ce mata Maman Aku. 'Yar Mai-sawu suke ce mata. Mahaifinta mai bin sawu ne tun zamanin da unguwar take fili da gonaki, kafin siminti ya cinye ta. Akuya ta ɓace, shi ake kira. Yaro ya yi nisan wasa bai dawo ba, shi ake kira. Har 'yan sanda sukan aiko da mota a ɗauke shi, ya ƙi shiga, ya ce ba a bin sawu daga kan kujera. Tana 'yar ƙarama takan bi shi riƙe da gorar ruwansa, yana tafe yana nuna mata ƙasa da sandarsa: wannan gurgu ne, wannan yana sauri, wannan ta goyo ce, dubi yadda dunduniyarta ta nutse. Yakan ce mata ta tambayi ƙasa kafin ta tambayi mutum, don mutum yana da dangi, ƙasa kuwa ba ta da kowa. Akwai kuma wadda ya fi maimaitawa: kada ki bi sawun da zuciyarki take so ya zama shi ne.

Wannan ta biyun ce ta sa, da ta shiga ɗakin Auta, kafin ta ce uffan, ta duƙa ta kife takalman ƙanwarta ɗaya bayan ɗaya ta dubi ƙasansu. An yi ruwa kafin asuba. Duk a bushe suke.

Auta tana zaune a bakin gado, ido ya kumbura, tana kallonta.

"Har ke, Yaya?"

"Ni ce farko, don kada wani ya riga ni."

Ba ta rarrashe ta ba, ko da yake hannunta yana ƙaiƙayin ya jawo ta jiki kamar ranar da aka binne mahaifiyarsu, Auta tana shekarun Aku. Tambaya ta yi mata. Makulli ya kwana a ƙarƙashin matashinta. Ba ta ɗaga ko kwali ɗaya ba, tsoron garanti. Manaja ya kira tun da sassafe, kafin ma ta kira shi, ya ce labari ya iso masa, ya yi mata jaje, ya kuma tuna mata cikin taushin murya cewa shi dai ya sauke nasa nauyin, hoto ma shaida ne. Matar Sama ta ce in aka yi la'asar babu keke babu kuɗi, da kanta za ta kira 'yan sanda.

Maman Aku ta karɓi lambar jami'ar nan ta kira ta. Mace ce mai magana kai tsaye, ba ta yi mata kwana-kwana ba. Ta ce a wajensu maganar a kan abu ɗaya take tsaye: an miƙa kayan ko ba a miƙa ba. In ba a miƙa ba, jinkiri da komai yana wuyan mai sayarwa. In kuwa an miƙa, daga lokacin da suka shiga ɗakin nan sun bar wuyansa, kuma wadda ta yi talla, ta karɓi kuɗi, ta riƙe makulli, ita matan za su kama, ba kuma za ta iya hana su ba. Ta ce dama yau wa'adi yake cika, za ta zo da la'asar ta gani da idonta.

*

Maigadi ta fara yi wa sallama, don matan hawan ƙasa a kansa suka tare. Ta kai masa shayi a kofin mijinta, wanda yake can kan hanya da babbar mota tun makon jiya. Tsohon ya karɓa. Ya rantse bai runtsa ba, bai ga kowa ba, bai ji komai ba, ƙofar gaba kuwa ko kyanwa ba ta bi ba.

Ta dubi ƙafarsa. Jar laka ta bushe a gefen takalminsa, irin wadda babu ita a unguwar sai can gangaren hayin da yake zaune.

"Baba, wannan lakar ba ta nan ba ce."

Ya ajiye kofin. Ya ce ita ma jinin mahaifinta ce, shi ma haka yake yi wa mutum, ya bar fuskarka ya kama ƙafarka. Gaskiyar ita ce matarsa tana kwance tun bara, ba ta iya tashi. Kullum ruwa ko iska, da an yi asuba sai ya saci jiki ya je ya juya ta, ya ɗora mata ruwan zafi, ya dawo kafin masu fita aiki su sauko. Mai Bene, tsohuwar da ta mallaki ginin, ba ta sani ba. In ta sani aikinsa ya tafi. Yau ma ya je, bayan ruwa ya ɗauke. Kafin ya tafi ya haska kwaɗon nan, lafiyarsa ƙalau.

Ta ce masa wannan maganar a bakinta ta mutu, sai dai in wuƙa ta zo wuya. Abin da ta samu ya ishe ta: an yi aikin ne bayan ruwa, kuma wanda ya yi ya san lokacin da maigadi ba ya nan. Ta tambaye shi wa ya taɓa ganinsa yana fita. Ya ce ba kowa, sai dai ko yaran Manaja, da suka zauna jiya suna shan ruwa a bencinsa suna jan shi da hira.

Matan sama kuwa Bakanike suka kama da baki, saurayin Auta mai gareji a kan kwana. Yana da zarto, yana da almakashin ƙarfe, yana neman kuɗin aure; me kuma ake nema? Ta same shi yana wanke babur ɗinsa, ya manna masa takardar sayarwa a goshi.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Ban zama yayarka ba tukuna. Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Baƙin mai ne kawai. Ya ce babur ɗin zai sayar a rage wa matan wani abu kafin la'asar, ko Allah zai sa su bar maganar 'yan sanda. Ta ce masa ya cire takardar, kada ya sayar da ƙafarsa don ƙaryar wani. A nan ne ya faɗi abin da yake ci masa rai tun jiya: ya je ya taya sauke kaya, don neman shiga wajen dangi, ya kai hannu zai ɗauki kwali ke nan Manaja ya daka masa tsawa a gaban Auta, wai hannunsa da mai zai ɓata kaya. Shi wulaƙancin ne ya dame shi. Ita kuwa wani abu ne daban ya tsaya mata a rai, amma ba ta faɗa ba. Zato ba sawu ba ne.

*

Tsakar gidan siminti ce, kuma ƙafafu sun gama tattake ta. Sai ta bi ta ƙofar baya. Lungun nan shi ne ɗan abin da ya rage na tsohuwar ƙasar unguwar, matsattse ne, mota ba ta shiga. Nan mahaifinta yake zama da yamma a ƙarshen rayuwarsa, ido ya yi rauni, yana karanta sawun kaji don kada ya manta.

Ruwa ya share lungun ya bar shi kamar sabon allo, kuma an yi rubutu a kai. Taya ɗaya, ta baro, ta shiga ta fita, ta shiga ta fita, sawu a kan sawu. Tayar tana da faci, duk juyi sai ta bar tabo kamar an danna babban yatsa. A bayanta ƙafar namiji, silifa, dunduniyar hagu ta cinye. A bakin lungun kuma wani ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe, takalmi mai tsini, ya yi ta sauya ƙafa a kan wani dutse yana gudun taɓo.

Ta tsuguna ta sa yatsa a ramin tayar. Bai yi zurfin da take tsammani ba. Amma ƙasar lungun tsakuwa ce a ƙarƙashi, mai gardama zai ce ƙasa ce ta yi tauri. Ta ji muryar mahaifinta a kunnenta: ci gaba dai, sawu bai ƙare ba.

Ta bi tayar har bakin kwata, sai ta tsaya cak.

Kwatar ta raba lungun da titin kasuwa. Ba ta da faɗi, babba yakan tsallake ta da taki ɗaya, amma tana da zurfi, kuma in an yi ruwa takan cika ta yi gudu. A kanta akwai wani siririn katako da ba wanda ya san wanda ya ɗora shi. Manya ba sa taka shi. Yara ne suke bi. Duk benen nan babu wanda ya san katakon nan kamar Maman Aku, don shi ne yake hana ta barci tun ranar da ta hango Aku a tsakiyarsa yana lanƙwasa a ƙarƙashinta kamar baka. Ta san inda gara ta ci shi, ta san tsagar da ke cikinsa, ta kife shi ta gani. Sau nawa ta je wajen Mai Bene a kan a canza shi, tsohuwar tana cewa sai bayan damina. Damina ta wuce, wata ta zo. Sau biyu tana jefar da shi, yara suna maido da shi.

Ga layin laka nan a kan katakon, daga wannan baki zuwa wancan, da tabon facin a tsakiya. Ƙafar mai silifa kuwa ba ta hau ba: ga inda ya dira a wannan gefe, ga inda ya dira a wancan. Ya tura tayar ta bi katako, shi ya yi tsalle. Kuma katakon yana nan, bai karye ba.

Abin da ya zo mata ba murna ba ce. Kewar mahaifinta ce ta taso mata, don ba wanda za ta juya ta ce wa, Baba, ka gani?

Ta tsallaka. A kan kwalta sawu ya ɓace, amma masu baro wuri ɗaya suke taruwa, gindin bishiyar bakin kasuwa. Ta bi tayoyin da ido har ta ga mai faci. Mai shi dattijo ne, furfura ta fara, yana gyangyaɗi. Ta ce masa akwai aiki da la'asar, keken ɗinki ɗaya za a ɗauka. Da ta faɗi benen, idonsa ya washe, ya ce shi yau bayansa yana ciwo. Ta ce ta san labarin sata ya iso kasuwa, ta kuma san abin da yake tsoro, amma ta yi masa alƙawari a matsayinta na uwa: in ya zo, da mutuncinsa zai koma, in bai zo ba, tayarsa ta riga ta zo.

*

La'asar ta yi, tsakar gida ta cika. Mai Bene a kujerarta, Matar Sama a tsaye da waya a hannu, maigadi da Bakanike a rakuɓe kowa da nasa masu harara. Auta tana bayan yayarta. Jami'ar ta zo da jakarta. Manaja ne ya zo a ƙarshe, turare ya riga shi shigowa, ya bi kowa da jaje. Ya ce zuciyarsa ta karaya, amma doka doka ce, shi ya cika alƙawari kafin wa'adi. Ya ɗaga hoton Auta kowa ya gani. Ya ƙara da cewa yarinya ce, a yi mata a hankali, wataƙila zuga ta aka yi. Ya faɗi haka yana kallon Bakanike.

Maman Aku ta roƙi a biyo ta lungun baya, a kuma bi ta jikin bango. Matar Sama ta ce su kekuna suka zo karɓa, ba yawon buɗe ido ba. Mai Bene ce ta tsawatar, ta ce a bi ta, uban yarinyar nan ya taɓa nemo mata ɗanta a cikin dawa, ba ta manta ba.

A ƙofar baya ga mai baro yana jira, ga keken mahaifiyarsu Bakanike ya sauko da shi, tsoho, zanen furen jikinsa ya koɗe, ƙafarsa ta ƙarfe ta yi tsatsa. Da shi aka ɗinka musu kayan makaranta su biyu. Aka ɗora shi a baron, taya ta lotsa. Ta fara da cewa kowa ya sani, dattijon nan ba ɓarawo ba ne, aiki aka ba shi. Sannan ta nuna musu tabon facin a ƙasa, ta nuna shi a jikin tayar, ta nuna shi a kan katako.

"Baba, tura mini shi ka tsallakar."

Mai baro ya dubi katakon, ya dubi keken, ya girgiza kai.

"'Yata, wannan ba zai ɗauki keke ba. A kwata zai ƙare."

"Keke ɗaya ke nan. To da safe fa, da aka ce ka tsallakar da na duk matan benen nan?"

Dattijon ya share gumi ya ce shi bai ɗauki keke ba. Kwalaye ya ɗauka, babu komai a ciki sai iska, da hannu ɗaya yake ɗora su. Ƙofa ma a buɗe ya same ta. An ce masa shara ce za a kwashe kafin masu gida su tashi.

Manaja ya yi dariya, ya ce ashe yanzu da katako ake shari'a. Ya ce katakon nan lafiyarsa ƙalau, irinsa ake rufin ɗaki da shi, kuma talaka in ya ga 'yan sanda babu abin da ba zai faɗa ba.

"To bismilla, Yallaɓai," in ji Maman Aku. "Taka."

Ya dubi katakon. Ya dubi takalminsa mai tsini. Bai motsa ba. Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as. Bakanike ne ya matso ya ɗora ƙafa ɗaya, ya ɗan danna. Katakon ya ce ƙas, ya rabe biyu, ruwa ya tafi da shi.

Jami'ar ta tambayi mai baro wa ya ba shi aikin. Ya nuna da haɓa: ga shi nan, shi ne ya tsaya a kan dutsen can yana riƙe da ƙafar wandonsa. Ta tambaye shi nawa aka biya shi. A nan ne dattijon ya fusata, tsoro ya bar shi. Ya ce ai abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, ko sisi mutumin bai ba shi ba, cewa ya yi ya riƙe kwalayen ya sayar su ne ladansa. Suna can wajen mai sayen kwali a bayan kasuwa, ko kuɗin shayi ba su kai ba.

Bakanike ya hau babur ɗin da ya so sayarwa. Kafin Manaja ya gama neman uzurin tafiya ya dawo da su a ɗaure, ga tambarin shafin Manaja a jikin kowanne, cikinsu fes, ko ɗigon man keke babu. Mutumin da ya yaudari bene guda da araha, arahar lada ce ta kayar da shi.

Jami'ar ta ce a wajenta kaya ba su iso ba, wa'adi kuma ya cika, nauyi yana inda yake tun farko. Sauran maganar, ta kwaɗon da aka yanke da hoton da aka ɗauka, ba tata ba ce. Ta dubi Matar Sama ta ce wayar nan da take riƙe da ita tun ɗazu, yanzu ta yi amfani.

*

Kada in yi muku ƙarya, ba a nan komai ya daidaita ba. Auta ta yi ta zirga-zirgar ba da shaida har takalminta ya cinye, don ta asusunta kuɗin ya bi. Kuɗin ya dawo gutsure-gutsure, na wasu har yau da saura. Maigadi yana nan a bencinsa, sirrinsa bai fita ba. Matar Sama ba ta taɓa cewa a yafe mata ba. Wata safiya dai ta aiko da yadi a ɗinka mata a tsohon keken, ta biya ba ta yi ciniki ba. Auta ce ta ɗinka.

Mai Bene, don kunya, ta sa aka rufe kwatar da siminti, ta zarce aka shafe lungun gaba ɗaya. Maman Aku ta samu abin da ta daɗe tana roƙo. Ranar da simintin ya bushe ta tsaya a ƙofar baya tana kallo: sumul, ba sawun kaza, ba na mutum. Ƙasar da tsohon ya bari ta ƙarshe ke nan, kuma ta yi magana kafin a rufe mata baki. Aku ta ja zanenta ta tambaya ko yanzu za ta iya bi ta nan. Ta ce e, ta bi. Yarinyar ta ruga a guje, ba ta bar komai a bayanta ba.

Ke da kike karanta wannan da yaro a cinya da waya a hannu, ki ji ni da kyau. In za ki biya kuɗin abin da bai iso ba, ki sa a faɗa miki ranar zuwansa a rubuce, ranar ta wuce ki nemi haƙƙinki, kada ki jira uwar direba ta sake rasuwa. Kada ki bari kuɗin maƙwabta ya bi ta asusunki ko na ƙanwarki don kwaɗayin kyauta. In kaya suka zo, kafin ki karɓi makulli, kafin ki yi wa kowa murmushi a hoto, ki sa hannu biyu ki ɗaga kwalin, ki buɗe shi a gaban wanda ya kawo. Duk wanda ya ce kada ki taɓa abin da kika saya, ki mayar masa da abinsa tun yana tsaye. Auta ta samu yaya, ta samu ruwan asuba, ta samu ruɓaɓɓen katako. Lungunku an riga an shafe shi da siminti.